Yarinyar da Ba a Raɗa wa Suna Ba: Nazari a kan Littafin Faceless

Ruwan babbar kwatar Nima yakan gangara ya shiga rafin Odaw, ya bi ta gefen Kokomlemle, ya tafi ya zube a tafkin Korle. A bakin wannan tafki ne kasuwar Agbogbloshie take, da unguwar Old Fadama, wadda mutanen Accra suka laƙaba wa Saduma da Gwamrata. A nan ne Amma Darko ta kafa labarinta mai suna Faceless, watau marar fuska, wanda kamfanin Sub-Saharan Publishers ya buga da Turanci a 2003. Hukumar WAEC ta sa shi cikin littattafan jarrabawar adabi daga 2016 zuwa 2020, saboda haka ɗalibai da yawa daga Maamobi har Zariya sun haddace sunayen mutanen cikinsa. Haddacewa dabam, lura dabam.

Labarin na Fofo ne, yarinya 'yar shekara 14. Mai karatu yana fara saduwa da ita tana kwance a kan kwali a ƙofar wani kanti, tana mafarkin gida mai rufi da makewayi. Iyakar burinta ke nan. Daga wannan barci ne Poison, uban 'yan iskan unguwar, ya tashe ta da nufin yi mata fyaɗe, ta kuɓuta da ƙyar. A yawancin labaran tasowar matasa, yaro yakan fara da rashin sani, sa'an nan duniya ta koya masa. Darko ta juya abin. Fofo ta riga ta san yunwa, da sata, da barasa, da abin da maza suke nema, tun ba ta isa ba. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda ake amince wa babba. Girmanta a cikin littafin kuwa shi ne ta koyi buɗe baki. Sa'ad da ta yi shigar maza ta yanki jakar wata mata mai suna Kabria, matar ta cece ta daga dukan 'yan kasuwa, Fofo ba ta roƙi kuɗi ba. Cewa ta yi tana so ta ga gwamnati. A tsammaninta gwamnati mutum ne da za a iya zuwa wurinsa a kai ƙara. Maganar tana ba da dariya, amma ita ce wuri na fari da aka ji muryar yarinya a bakin wannan tsohuwa 'yar shekara 14.

Ƙarar da take so ta kai ta yayarta ce, Baby T, wadda aka tsinci gawarta a bayan wani shagon kitso, an ɓata mata fuska. A nan ne ƙarfin littafin yake. Baby T ba suna ba ne. An haife ta ran Talata, ubanta Kwei ya riga ya gudu, ba a yi taron suna ba, sai aka riƙa kiranta jaririyar Talata har abin ya bi ta. Bahaushe ma yana da Talatu, amma Talatu laƙabi ne da yake zaune a kan sunan yanka. Ita wannan laƙabin kaɗai gare ta. Marubuciyar ta nuna cewa ɓata fuskar da aka yi a ƙarshe cikon aikin da aka fara ne tun ranar da ya kamata a yi sunanta. Tsakanin nan da can, kowane babba ya yagi rabonsa: Kpakpo mijin uwarta ya taɓa ta, Onko maƙwabcinsu da yara suka ɗauka kamar kawu ya yi mata fyaɗe ya toshe bakin uwar da kuɗi, aka miƙa ta ga Maami Broni don karuwanci, kuɗin kuma yana zuwa gida a ambulan.

Uwar, Maa Tsuru, ita ce mutumin da ya fi wuyar yanke wa hukunci. An ce tana ɗauke da la'ana, gama mahaifiyarta ta tsine wa wanda ya yi mata ciki ya musa, shi da zuriyarsa, tana kan gwiwa kafin ta cika. Darko ba ta tsaya gardama ko la'anar gaskiya ce ba. Abin da ta nuna shi ne amfanin da kowa yake ci da ita. Kwei ya sami hujjar gudu, 'yan gida sun sami hujjar naɗe hannu, Maa Tsuru kanta ta sami abin fakewa duk lokacin da ta sake buɗe wa wani namiji ƙofa. Mai karatu yakan ji haushinta, ya ji tausayinta, a shafi guda. Wanda ya san Littafi Mai Tsarki zai tuna cewa a Ezekiyel sura 16, cikin laifofin da aka lissafa wa Saduma har da ƙoshi da ƙin taimakon matalauta. In haka ne, da sauran magana a kan wace unguwa ta Accra ce ta cancanci sunan.

Rabi na biyu bai kai na fari ba. Da zarar Kabria da abokan aikinta na ƙungiyar MUTE da Sylv Po na gidan rediyon Harvest FM suka karɓi zancen, sai littafin ya koma binciken kisan kai, Fofo ta koma gefe tana jinya a gidan Dina. Akwai daɗi a ba'ar da ake yi wa tsohuwar motar Kabria, akwai kuma hikima a jera Obea, 'yarta mai shekara 15 da uwa take kula da abin da take karantawa, kusa da Fofo. Duk da haka yarinyar da ta nemi ganin gwamnati da bakinta ta zama wadda ake magana a madadinta, cetonta kuma ya zo da sauƙin da ƙawarta Odarley ba ta samu ba.

Akwai wani wuri da littafin ya wuce da sauri, wanda mutumin zango ba zai wuce ba. Don a kashe maganar, sai aka buga waya gidan rediyon aka ce gawar ta wata Fati ce da ta gudo daga wurin mijinta. Masu wannan dabara sun san garinsu: in aka ce 'yar dako ce daga arewa, ba mai bin sawu. Kalmar da ake kiran irin waɗannan 'yan mata da ita, kayayoo, rabinta ma Hausa ce, kaya, ɗaya rabin kuma mace ke nan da harshen Ga. Labarin ya tona ƙaryar, ya mayar wa Baby T da asalinta, amma bai tsaya ya tambayi abin da zai faru da a ce Fati ce da gaske ba. 'Yan dako suna kai da kawowa a Agbogbloshie ɗin littafin da kwanoni a ka, ba wadda aka ba tarihi irin na Fofo. Sai daga baya Mamle Wolo ta sa irin wannan yarinya, Faiza, a tsakiyar littafinta The Kaya-Girl, a kasuwar Makola.