Randar da Ba Ta Sanyaya Ruwa: Nazari kan Ginin Tukwanen Abuja a Jajiberin 'Yancin Kai

Idan ana zancen yadda Nijeriya ta kuɓuta daga hannun Turawa, hankali yakan tafi kan jam'iyyu da majalisu: kafa NEPU a Kano cikin 1950, tsarin mulkin 1951, ƙudurin neman mulkin kai da Anthony Enahoro ya gabatar a 1953, mulkin kan Jihar Arewa a 1959, sai sauke tutar Ingila ranar 1 ga Oktoba 1960. Amma cikin waɗannan shekaru goma, a garin Abuja na lokacin, wanda yau muke kira Suleja, an yi wata fafatawa a kan yumɓu. 'Yan siyasa na jayayya a kan wanda zai riƙe ƙasa, su kuwa magina tukwane sun sami kansu a tsakiyar wata jayayyar: wa ke da ikon yanke hukunci a kan darajar aikin hannun baƙar fata, kuma don amfanin wa ake yin sa?

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta ga alamar zamanta ya kusa ƙarewa, sai ta shiga fito da shirye-shiryen raya ƙasashen da take mallaka. A cikin wannan yanayi ne Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu ta ɗauko Michael Cardew a 1950. Gwanin maginin tukwane ne, almajirin Bernard Leach, kuma ya riga ya gwada sa'arsa a Gana, a Achimota da Vume, abin bai yi albarka ba. Aikin da aka ba shi shi ne ya kafa sana'ar tangaran ta cikin gida, domin sababbin masu albashi, wato malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e, su sami faranti da kofi da butar shayi ba sai an yi odarsu daga waje ba. Ya zaga ƙasa ya duba, ya tsaya a kan Abuja saboda tana da yumɓu mai kyau, da itace, da ruwa, ga kuma goyon bayan Sarki Sulaimanu Barau. A 1952 makarantar koyon ginin tukwane ta fara aiki, kuma ɗalibanta na farko duk maza ne. A ƙasar Kano wannan ba zai zama abin mamaki ba, don maza na ginin tukwane a can. A ƙasar Gwari kuwa, inda Abuja take, sana'ar ta mata ce tun kaka da kakanni. Tun daga tushe ke nan, an gina makarantar a tsakiyar gwanaye, aka kuma bar su a waje.

Sai mutum ya ga yadda Bagwariya ke gina randa kafin ya gane girman abin da aka tsallake. Ba ta da injin juyi. Takan ajiye curin yumɓu a kan wani abu mai ɗan tudu, ta huda tsakiyarsa da dunƙulen hannu, ta riƙa jan bangon sama da yatsu, tana zagaya shi da baya da baya. Tukunya na tsaye, maginiya ce ke juyawa. In bango ya yi tsawo sai ta mulmula yumɓu ta riƙa ɗorawa, hannu ɗaya a ciki yana tokarewa, ɗaya a waje yana lailayewa, har ciki ya buɗe, wuya ya tsuke, baki ya fito daidai ba tare da ma'auni ba. Kafin ta bushe sarai sai a yi mata zane da tsinke da murɗaɗɗen zare: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi, tsuntsu, kowanne cikin gidansa tsakanin layuka. Daga nan a tara tukwane a fili, a lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Wutar ba ta da tsananin zafi, don haka jikin randar yakan fito da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke tsattsafowa, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi.

Irin waɗannan randuna ne Cardew ya gani a fadar Sarki Sulaimanu Barau, aikin wata mata daga garin Kwali mai suna Ladi, wadda ta koyi sana'ar a hannun gwaggonta. A 1954 ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da injin juyi, ta yi kwanuka da farantai, amma ba ta saki gininta na hannu ba. Abin da ya sauya shi ne yumɓun da wutar. Aka ba ta haɗin yumɓu mai jure zafi, ana cike zanen da farar ƙasa, a shafe jikin da ruwan ƙyalli, a toya a rufaffiyar matoya da zafin da ya haura digiri 1,200. Randar ta fito da sheƙi da ƙarfi, zanen ya fito raɗau. Sai dai ta yi nauyin da ba mai ɗaukarta zuwa rafi, ƙofofin jikinta kuma sun toshe. Siffar randa na nan, aikin randa ya tafi.

Kasuwa ce ta fallasa sauran zancen. Talaka bai bar tukunyarsa mai araha ba, mai albashi kuma ya ga langa da tangaran na kanti sun fi sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka. Kayan Abuja sun fi samun masu saye a cikin Turawa da manyan ma'aikata, sannan a Landan, inda aka baje kolinsu a Berkeley Galleries a 1958 da 1959 da 1962. A can kuwa abin da ya fi jan ido shi ne randunan Ladi. Albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko: makarantar da aka kafa don ta koya wa 'yan ƙasa fasahar Turai, sunanta ya fita duniya ne ta hanyar fasahar da ta tarar a ƙauyukan Gwari.

Masu nazari sukan rabu biyu a nan. Wasu na ganin an ƙwace kayan amfanin mata ne aka mayar da shi abin ado a falon baƙi. Wasu kuma na ganin haɗuwa ce ta ilmi biyu, irin wadda matasan Ƙungiyar Fasaha ta Zariya, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, suka yi kira gare ta daga 1958. Kowane ɓangare na da hujja, amma na farkon yakan manta cewa Ladi ba yumɓu ba ce a hannun Cardew. Ta zo da sunanta, sarakuna na sayen aikinta tun kafin Bature ya san da ita, kuma ita ta zaɓi abin da za ta riƙe. A gindin kayanta akwai hatimi biyu: sunan Abuja da rubutun ajami, da haruffan LK. A zamanin da gidajen tarihin Turai ke rubuta sunan ƙabila kawai a ƙarƙashin aikin Afirka, kamar ba mutum ne ya yi shi ba, wannan hatimi babban ci gaba ne. Ƙofar da ta buɗe kuma wasu mata sun bi, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa.

Bayan samun 'yanci, Nijeriya ta rungume ta. Ta sami lambar MBE ta Ingila a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977 alhali ba ta yi karatun boko ba, sannan lambar yabo ta ƙasa ta masu ilmi da fasaha a 1980. A 1972 ta zaga Amurka tare da Cardew da Kofi Athey ɗan Gana, a lokacin da baƙaƙen fatar ƙasar, bayan dokokin 'yanci na 1964 da 1965, ke waiwayen Afirka suna neman abin tinƙaho. Ganin mace Bagwariya tana gina randa a gaban malaman jami'a, su ne 'yan kallo ita ce malama, amsa ce ga tsohuwar da'awar cewa Afirka ba ta da abin koyarwa. A 1974 Magdalene Odundo, haifaffiyar Kenya wadda daga baya ta shahara a duniya, ta zo Abuja ta ɗauki darasi a hannun waɗannan mata.

Amma ɗaukakar mutum ɗaya ba ta zama ɗaukakar sana'a ba. A 1976 gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni, aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin ya koma Suleja, ƙauyukan Gwari da dama kuma suka tashi daga gonakinsu. Ladi ta rasu a 1984. An sa wa makarantar sunanta, hotonta kuma na bayan takardar naira 20, amma makarantar ta yi rauni, roba da firji kuma sun ture randa daga gidaje da yawa. Matan da har yau ke toya tukwane a fili suna sayarwa a bakin hanya ba su da hatimi, ba su da jari, ba su cikin manhajar makarantun fasaha.

Abin da ginin tukwanen Abuja ke nunawa shi ne, an karɓo tuta da kujera, amma ma'aunin daraja ya daɗe a hannun waje: sai da Landan ta yaba kafin Legas da Kaduna su ba da lamba. Ba za a ce aikin ya kammala ba sai ranar da randar da ke sanyaya ruwa, da matar da ta gina ta, suka sami kima a wurinmu ba tare da an jira shaidar baƙo ba.