Sharhi a kan GCompris: abin da fassara ba ta iya yi

GCompris tarin wasannin kwamfuta ne da Bruno Coudoin, wani Bafaranshe, ya soma haɗawa a shekarar 2000 domin yara ƴan shekara 2 zuwa 10. Kyauta ake samun shi, kuma ba ya bukatar intanet.

Wasan da yaro ke jera umurni don tsuntsu ya bi hanyarsa ba ya neman dogon bayani. Ya dace da kowane aji. Lissafi ma haka, in ban da wasan ciniki: kuɗin Turai ake ƙirgawa, alhali ɗan Maraɗi da dala ya san kasuwa, inda dala ashirin take sefa 100.

Babbar matsalar tana wajen karatu. Allon buga rubutu na Faransanci ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai ƙafa ta koma kafa. Rubutunmu kuwa ba ya nuna tsawon wasali, don haka garin zama da garin tuwo sai muryar Bahaushe ke raba su.

Tunda an yarda kowa ya gyara wasannin, ya kamata masu tsara yaƙi da jahilci su fara da haruffa da ɗaukar muryoyi, kafin a sayo na'urori.