Wuƙar Kwadon: Ƙotar Kirya, Shafen Man Kaɗe

Jama'a, ku bar ni in yi yabo, don yabon gwani ya zama dole! Sayen tumatir da tattasai ne ya kai ni Kwadon, kamar yadda mutanen Gombe suka saba bin hanyar Biu neman kayan miya. Sai ga ni na dawo da abin da ya fi kwandon tumatir ɗin daraja: wuƙa ƙirar hannu, daga shimfiɗar wani dattijon maƙeri a gefen kasuwa. Kaifinta ba a magana, amma ba kaifin ne ya tafi da hankalina ba. Ƙotar ce!

Ta kirya ce. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san kirya. Gawayinta maƙera suka fi so saboda zafin wutarsa, da itacenta ake sassaƙa turmi da taɓarya, gara ma ba ta cika samun sa'arta ba. Wasu za su ce madobiya ta fi ta ado, to amma madobiya ta sha sara saboda jigilar ta zuwa ƙasar Sin, har aka sa wa cinikinta takunkumin ƙasa da ƙasa tun 2017. Kiryarmu ta wadatar. Sai dai ko kirya ce, in aka bar ta haka nan, hunturu zai tsaga ta, ruwa kuma ya shige ta. To, a nan Baba maƙeri ya nuna shi gwani ne.

A gabana ya gama wata wuƙar. Ya goge ƙotar da sanfefa har ta yi sumul, ya kanga ta a bakin wuta ta ɗumama, sannan ya lakato man kaɗe ya shafe ta. Ina kallo itacen ya shanye man kamar ƙasar rani ta sami ruwan farko! Sau uku ya maimaita, kafin ya bi ta da kakin zuma, ya murje da tsumma. Wallahi sai ga ja mai duhu ya bayyana kamar nunannen dabino, jijiyoyin itacen suka fito raɗau. Gani ya kori ji!

Akwai hikima a haɗin nan. Man kaɗe ɗumin hannu ma yana narkar da shi, shi ya sa yake ratsa cikin itace. Kakin zuma kuwa sai zafi ya haura digiri 60 yake narkewa, don haka ko ranar bazarar Gombe ba ta zubar da shi. Ɗaya ya ciyar da ciki, ɗaya ya tsare waje. Kuma dukansu ba abin ƙyama ba ne a kusa da abinci.

Ku gwada wannan da banish ɗin kafintoci. Kyan ɗan maciji ne: a sama yake zama, in hannu ya jiƙe da ruwan tumatir sai santsi, in ya tsufa ya riƙa ɓarewa cikin abin da ake yanka. Man gyaɗa yana shiga, amma da ya kwana biyu sai danƙo da wari. Baƙin mai kuwa, a bar wa fartanya.

Da Babbar Sallah na gwada tawa a fiɗar rago. Ga jini, ga kitse, ga gumi, amma ƙotar nan ta zauna daram a tafina, ko sau ɗaya ba ta suɓuce ba. Na ɗauraye, na tsane, ta koma kamar ranar da na saye ta. Kulawarta ba wuya: kada a bar ta kwance cikin ruwa, kuma in iskar hunturu ta kaɗa a ɗan shafa mata man kaɗe, yadda ake shafa wa kaushi.

In hanya ta bi da ku Kwadon, kada ku tsaya a gwada kaifi da babban yatsa kawai. Ku riƙe ƙotar, ku sansana ta. In kun ji ƙamshin kaki da man kaɗe, ku biya ba tare da dogon ciniki ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma Allah ya ƙara wa hannun Baba albarka!