Masuntan Kobiya na Gaɓar Fulorida

Kobiya kifin teku ne mai launin ƙasa-ƙasa da faffaɗan kai, wanda tsawonsa zai iya kaiwa kusan mita 2. A watannin Maris da Afrilu yakan bi gaɓar Tekun Meziko ya nufi yamma, lokacin ne masuntan garin Destin a jihar Fulorida ta Amurka ke fita nemansa.

Da ido ake farautarsa. Mutum ɗaya kan hau hasumiyar ƙarfe da aka kafa a kan jirgi, yana duban inuwar kifin kusa da saman ruwa, sau da yawa a bayan kunkurun teku. Idan hadari ya haɗo, ruwa ya gurɓace, igiya na jijjiga hasumiyar, a nan gwaninta ke bayyana. Matuƙi ya daidaita jirgi, mai fatsa ya jefa koto daidai gaban kifin, na uku yana riƙe da ƙugiya.

Kobiya na da ƙarfi, ko an ɗora shi cikin jirgi yakan yi ta bugu har ya ji wa mutum rauni. Masuntan sun cancanci jinjina saboda kowa ya san aikinsa, kuma matuƙi nagari kan juya gida tun kafin guguwa ta iso.