Jan Rai a Littafin Farko na James Hadley Chase

A shekarun 1970 da 1980 littattafan James Hadley Chase sun yi yawo a hannun ɗaliban sakandare a Kano da Kaduna da Zariya, har sai bango ya yage. Wanda ya karanta kaɗan daga cikin kusan 90 da ya rubuta ya riga ya san halinsa: wani zai yi kwaɗayin kuɗin da ba nasa ba, ya ƙulla makirci, ƙaramin kuskure ya warware komai. To me ke hana mai karatu barci, alhali ya san inda za a kwana?

Amsar tana cikin littafinsa na farko, No Orchids for Miss Blandish, wanda ya fito a 1939. Wasu ƙananan ɓarayi sun je ƙwacen sarƙar wuyan 'yar wani attajiri, aka yi kisa ba shiri, suka tafi da yarinyar. Ba su yi nisa ba wata ƙungiya da ta fi su mugunta, ta Ma Grisson da ɗanta Slim, ta kashe su ta karɓe ta. 'Yan sanda kuwa suka duƙufa neman mutanen da tuni suke ƙarƙashin ƙasa.

Nan gwanintar take. Chase bai ɓoye wa mai karatu komai ba. Ka san ɗakin da aka kulle yarinyar, ka san ana ɗura mata ƙwaya, ka san abin da Slim yake so da ita. Dave Fenner, mai binciken da mahaifinta ya ɗauka, shi ne ke lalube a duhu. Kowane shafi da ya ɓata a kan hanyar da ba za ta ɓulle ba, kai ne kake jin nauyinsa a ƙirji. Sani ne yake azabtar da kai, kuma ba ka da bakin faɗa masa. Da ceto ya iso ma ya makara, domin yarinyar ba ta iya rayuwa da abin da aka yi mata ba.

Abin mamaki, marubucin ɗan Landan ne, sunansa na gaskiya René Raymond, kuma da taswira da ƙamusun zaurancen Amurkawa ya gina Amurkar da ke cikin labarin tun bai taka ƙasar ba.

Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Daga farko har ƙarshe ba a faɗi sunan yankan yarinyar ba. 'Yar Blandish ce kawai, kaya a hannun maza. Marubuci George Orwell ya soki rashin tausayin littafin tun a 1944, kuma yana da gaskiya. Marubutanmu masu labaran garkuwa da mutane, su da abin yake faruwa a ƙofar gidansu, su ɗauki dabarar jan ran, amma su ba wadda aka sace suna da murya.