Gwanintar Hira da Wanda Magana Ta Ɗauke Masa

Cikin mutum uku da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama, kusan ɗaya kan samu matsalar magana. Galibi wanda damansa ya shanye ne, domin ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, mai juya hannu da ƙafar dama, shi ke riƙe da harshe a wurin yawancin mutane. Tun 1861 likitan Faransa Paul Broca ya ba da labarin wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai "tan", alhali yana gane yawancin abin da ake faɗa masa. Hankali na nan, kalma ce ta ƙi fitowa.

Shi ya sa irin waɗannan majinyata ke jin zafin a tsaya a kansu ana tambayar 'yan jinya, "Ya ci abinci?", ko a riƙa ɗaga musu murya kamar kurame.

Gwanar ma'aikaciyar jinya takan ja kujera ta zauna inda majinyacin zai ga fuskarta, ta ce, "Baba, ina kwana? Yaya ƙarfin jiki?" Sai ta yi shiru, kuma a ganina shirun nan ya fi komai wuya a ɗakin da gadaje suka cika. Kalmar tana tafe a hankali, wanda ya yi garajen ƙarasa masa zance ya kore ta. Bayan gaisuwa, tambaya ɗaya take yi, mai amsar i ko a'a. Ta ɗaga kofi, ta taɓa kafaɗa, ta rubuta kalma da manyan baƙaƙe, boko ko ajami, wanda ya saba da shi. Ba ta kuma sakankancewa da amsar farko, don mai wannan lalura na iya cewa i yana nufin a'a. Sai ta juya tambayar ta ga ko amsar za ta juya.

Aura Kagan, ƙwararriyar gyaran magana a Toronto ta Kanada, ta bayyana wannan salo a rubuce a 1998. Tushensa biyu ne: a nuna wa mutum an san ya san abin da yake son faɗa, sannan a buɗe masa hanyar faɗarsa.

Abin da baki ya haddace tun yarinta yakan tsira. Dattijon da ya kasa kiran sunan ɗansa na iya ƙirga ɗaya zuwa goma, ko ya kawo Fatiha in an ja masa farkonta. Gwanar takan fara daga nan don ya ji muryarsa, kuma kafin sallama takan zaunar da iyalinsa su gwada a gabanta, tana gyara musu.