Kaɗaicin da Jirgin Sama ke Ciyarwa: Nazarin Littafin Colin Fletcher

A shekarar 1963, Colin Fletcher, haifaffen ƙasar Wales da ya zauna Amurka, ya rataya jakar goyo ya gangara cikin Grand Canyon, babban kwazazzabon da kogin Kolorado ya sassaƙa a hamadar jihar Arizona. Wata biyu ya yi yana takawa a ƙasa, daga wannan iyaka ta gandun gwamnati zuwa waccan, bisa iyakokin gandun na wancan zamani. Littafin da ya fito daga tafiyar, The Man Who Walked Through Time, an buga shi a 1968.

Ƙarfin littafin yana cikin saurinsa, ko kuwa rashin saurinsa. Da fari ba abin da ke ran matafiyin sai ruwa: ko ƴan kwarmin dutsen da ke tara ruwan sama sun ƙafe, ko gora za ta kai shi masauki na gaba. Sai da wannan fargaba ta kwanta sannan idonsa ya buɗe ga duwatsu. Zurfin kwazazzabon ya zarce mita 1500, kuma duk wanda ya gangara yana ratsa shimfiɗun dutse ɗaya bayan ɗaya har ya tarar da baƙin dutsen gindi mai shekara wajen miliyan 1700. Fletcher bai jibga wa mai karatu wannan adadi a shafin farko ba. Ya bar shi ya gaji tukuna, ya ji ƙishi, ya saba da shiru, ta yadda in lissafin ya zo yana da wurin zama. Malamin da ke koyar da siffantawa, da Faransanci ko da Hausa, zai sami darasi a nan. Wanda ya karanta Méharées na Théodore Monod kuma zai gane irin wannan haƙuri, ko da yake Monod ya fi shi raha nesa ba kusa ba.

To amma kaɗaicin da littafin ke taƙama da shi na buƙatar bincike. An ajiye wa Fletcher guzuri a wasu wurare tun kafin ya tashi, ƙaramin jirgin sama kuma ya riƙa jefo masa abinci. Hanyar ma ba shi ya gano ta ba: Harvey Butchart, malamin lissafi a garin Flagstaff, wanda ya shafe shekaru yana bin lungunan kwazazzabon, shi ya nuna masa inda ake wucewa. Fletcher bai ɓoye wannan ba, a yaba masa. Sai dai da zarar ya ambata, alƙalaminsa ya koma ga mutum ɗaya tilo a gaban halitta, kamar ayari ya iso gari a yi ta kirarin ɗan fatake guda a mance da madugu.

Babban giɓin ya fi wannan nauyi. Ta ƙasar ƙabilar Habasufai ya shiga, ya kuma yada zango a ƙauyensu na Supai. Mutanen nan tun 1882 gwamnati ta matse su cikin fili da bai wuce eka 518 ba, gandun da aka kafa a 1919 kuma ya haɗiye wuraren farautarsu da gonakinsu. A lokacin da Fletcher ke wucewa suna cikin neman haƙƙinsu, ba su samu an maido musu da eka wajen 185,000 ba sai a 1975. Duk da haka tunaninsa ya fi daɗewa a kangon mutanen da suka shuɗe ɗaruruwan shekaru, waɗanda ba su da ƙarar da za su kai. Shirun da ya ji daɗinsa, wani sashensa shirun korar mutane ne, kuma littafin bai tsaya ya auna wannan ba.

Kevin Fedarko, wanda ya ratsa kwazazzabon kashi-kashi tare da mai ɗaukar hoto Pete McBride tsakanin 2015 da 2016, ya ba ƙabilun yankin fili sosai a littafinsa A Walk in the Park na 2024. Ya fi Fletcher adalci, ya fi shi surutu kuma. A 2022 ne hukuma ta sauya sunan zangon da matafiya suka sani da Indian Garden zuwa Havasupai Gardens, wurin da aka fitar da Bahabasufe na ƙarshe a 1928.